Yadda Ake Kiwon Kunamar Ruwa a Tankin Gilashi a Gida

Kunamar ruwa ta farko da na ajiye ba ta cika wata biyar a hannuna ba. Na saye ta faɗinta bai wuce tafin hannu ba, mai sayarwar ya rantse mini cewa irin ƙanana ce, ba ta girma. Na saka ta a tanki mai cin lita 240, ina ba ta abinci tana ci, tana ƙara faɗi. Wata safiya na tarar gefen jikinta ya nannaɗe sama kamar ganyen da rana ta buga, bayan kwana biyu ta mutu. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin ƙarancin wuri da lalacewar ruwa ne suka kashe ta, kuma duka biyun a hannuna suke. Tun daga nan na yi kiwon da dama, wasu har suka haihu a wurina, kuma abin da zan bayyana shi ne yadda nake yi yanzu.

Kifin da muke magana a kai shi ne mai shimfiɗaɗɗen jiki kamar faifai, da wutsiya mai ƙari. Waɗanda ake kiwo a gida kusan duk daga kogunan Kudancin Amurka suke, wato Amazon da Orinoko da Parana da rassansu, 'yan dangin Potamotrygon. Guringuntsi ne a jikinsu a maimakon ƙashi. Abu biyu za ka riƙe game da halittarta: a ƙasa take rayuwa, kuma tana ci da yawa tana fitar da ƙazanta da yawa alhali ba ta jure gurɓataccen ruwa ko kaɗan. Duk matakan da ke tafe daga waɗannan biyun suka fito.

Kayan da za ka tanada kafin ka je ko kallon kifin:

- Tanki mai faɗin ƙasa, da murfi mai nauyi. Lissafin girmansa yana mataki na 2.
- Teburin ƙarfe ko na katako mai ƙwari, da shimfiɗar soso ko roba tsakaninsa da tankin.
- Matatar ruwa babba. Mafi kyau ita ce ƙaramin tanki na biyu da ake ajiyewa a ƙarƙashin babban, ruwa ya gangara cikinsa ya bi ta soso da duwatsun tacewa, famfo ya mayar da shi sama. In babu halin wannan, sai matata ta waje mai siffar bokiti, guda biyu.
- Hita mai garkuwa, da ma'aunin zafi.
- Famfon iska, da wani ƙarami mai batir saboda ɗaukewar wuta.
- Kayan gwajin ruwa na ɗigawa: na amoniya, naitirait, naitiret (bayaninsu yana mataki na 5) da pH, wato ma'aunin tsamin ruwa.
- Maganin kashe kulorin, sinadarin da ake sa wa ruwan famfo.
- Yashi mai laushi.
- Doguwar tiyo, bokitai, babbar robar wanka mai zurfi, da dogon hantsaki.

1. Zaɓi irin da za ka iya riƙewa har ta tsufa

Ga mai farawa, motoro nake ba da shawara, wato Potamotrygon motoro, mai launin ƙasa da zobba ruwan lemo. Tana da juriya fiye da 'yan uwanta, tana karɓar abinci da wuri, kuma ana samun wadda aka haifa a tanki. Amma faɗin faifanta yana kai santimita 45 zuwa 50, macen ma takan wuce haka. Leopoldi, baƙa mai fararen ɗigo daga Kogin Shingu na Barazil, kyakkyawa ce ƙwarai, girmanta ya yi kusa da na motoro, sai dai kuɗinta ya fi yawa. Akwai iri irin su brachyura da ke wuce mita ɗaya a faɗi. Waɗannan ba na ɗaki ba ne, kada ma ka fara.

Ka yi hattara da waɗanda ake tallatawa da sunan ƙananan iri. Mafi yawansu jarirai ne da aka kamo daga kogi, sun sha wahalar hanya, kuma za su girma. Ko ƙananan irin ma sukan kai wajen santimita 30. Kunamar ruwa da aka kula da ita tana iya rayuwa shekara 15 zuwa 20, don haka ka auna ranka da wannan.

Ka kuma binciki dokar inda kake. Wasu jihohin Amurka, kamar Kalifoniya da Florida, sun hana ajiye ta ba tare da izini ba. A taron CITES, wato yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, da aka yi a Panama a 2022 an saka leopoldi da wasu 'yan uwanta na Barazil cikin jerin da ke buƙatar takarda kafin a ƙetara da su iyaka. Idan ka gaji da ita kuma, kada ka sake ta a kogi ko madatsar ruwa. A Singafo motoro ta riga ta kafu a wata madatsa, inda ba mazauninta ba ne.

2. Lissafin girman tanki

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa, domin suna tambayar lita nawa. Tambayar da ta dace ita ce faɗin ƙasan nawa ne. Ɗauki tankuna biyu. Na farko tsawonsa santimita 150, faɗi 50, zurfi 80. Na biyu tsawo 150, faɗi 80, zurfi 50. Kowanne lita 600 yake ci. A na farkon, motoro mai faɗin santimita 45 ba za ta iya juyawa ba sai ta naɗe gefenta a jikin gilashi, wutsiyarta tana gogar bango. A na biyun tana juyawa a sake. Ruwan da ke can sama bai amfane ta da komai ba wajen motsi.

Ma'aunin da nake bi shi ne wannan: faɗin tanki daga gaba zuwa baya ya ninka faɗin faifan baligar kifin sau biyu, in an matsu sau ɗaya da rabi, tsawonsa kuma ya ninka shi sau huɗu zuwa biyar. Ka tuna wutsiya tana ƙara mata tsawo sosai, kuma da ita take juyawa. Zurfin santimita 60 ya isa. In ya wuce haka, hannunka ba zai kai ƙasa ba wajen shara, gilashin kuma dole ya ƙara kauri.

A aikace ga yadda abin yake. Jaririya mai faɗin santimita 12 zuwa 15 za ta iya zama a tanki mai 120 da 60 na 'yan watanni kawai. Ƙaramin iri da bai wuce santimita 35 ba yana buƙatar 180 da 75 ko 180 da 90. Mai 180 da 90 da zurfin 60 yana cin lita 972. Baligar motoro ko leopoldi guda ɗaya tana son 240 da 90, wato lita 1,296. Mace da namiji tare, ni ba na sa su a abin da bai kai 240 da 120 ba, lita 1,728. Don sanin litar kowane tanki, ka ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, ka raba da 1,000.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cewa "bari in fara da ƙarami, in ta girma sai in canza." Motoro mai cin abinci sosai tana ninka faɗinta cikin shekara guda, kuɗin babban tanki kuwa ba ya taruwa da wannan saurin. Wasu kuma suna cewa kifi yana girma ne daidai da mazauninsa. Abin da ke faruwa a gaskiya shi ne ya tsumbure, ya yi ta ciwo, ya mutu da wuri. Ni dai shawarata, in babban tankin bai shigo gidanka ba, ka dakata da sayen kifin.

In tankin gilashi mai wannan girma ya fi ƙarfinka, akwai mafita mai kyau. Babbar randar roba mai faɗi irin ta masu kiwon kifi, mai da'ira ko mai kusurwa huɗu, wadda faɗinta ya kai mita 2, tana aiki sosai. Haka kwandon katako da aka shimfiɗa wa ledar tafki, ko tafkin siminti da aka shafe da fentin da ba ya cutar da kifi. Za ka rasa kallo ta gefe, amma kunamar ruwa ta sama aka fi ganin adonta, kuma ita ba ruwanta da gilashi.

3. Wurin ajiyewa

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Tanki mai lita 1,300, da gilashinsa da yashi da tebur, ya haura tan ɗaya da rabi. Ka ajiye shi a ƙasa mai siminti. In a bene ne, ka nemi mai ilimin gini ya duba tukuna. Ka daidaita teburin da ma'aunin magina kafin ka zuba ruwa, domin ɗan karkata kaɗan yana tsaga gilashi bayan watanni. Ka nisanta shi da rana kai tsaye, ka kusanta shi da famfo da magudana, saboda za ka riƙa ɗibar ɗaruruwan litoci kowane mako.

4. Shimfiɗa, ado da hita

Cikin kunamar ruwa fari ne sumul, mai taushi, kuma a kansa take yini. Tsakuwa mai kaifi tana kankare shi ya yi ja, ciwo ya shiga. Ka samo yashi mai laushi, ka murza shi a tsakanin yatsunka. In ka ji yana karce fata, bar shi. Ka wanke shi a bokiti har ruwan ya fito garau, sannan ka shimfiɗa kaurin santimita 2 zuwa 3. Ya fi haka kauri, ƙazanta za ta maƙale a ƙasa ta ruɓe. Za ka ga amfaninsa ranar da ta tsorata: sai ta kaɗa gefenta sau biyu, yashi ya rufe ta ruf, idanu biyu kawai a waje da ramukan da ke bayansu suna buɗewa suna rufewa. In ba ka samu yashi mai kyau ba, bar ƙasan tankin haka nan. Ya fi sauƙin shara, kuma ya fi mugun yashi nesa ba kusa ba.

Kada ka cika tankin da ado. Dutse ɗaya ko biyu masu sulɓi a kusurwa sun isa, tsakiya a bar mata fili. Shuka ba ta daɗewa, tone ta take yi.

Hita kuwa sai an yi da gaske. Kunamar ruwa tana kwanciya a kan hita ba ta tashi har sai ta ƙone, kuma na ga wadda ta ɗauki tabon farin layi a bayanta har ƙarshen rayuwarta. Ka saka hitar a tankin tacewa na ƙasa. In babu shi, ka zura ta cikin bututun roba da ka huhhuda. Zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 26 da 28. Bakin bututun da ke zuƙar ruwa ma a rufe shi da raga, kuma murfi ya zauna daram, domin tana hawa gilashi har ta leƙo da rabin jikinta.

5. Raya matata kafin kifi ya shigo

Kashin kifi da numfashinsa suna fitar da amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zama a soson matata suna mayar da ita naitirait, ita ma guba, wasu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret, wadda ba ta kai su illa ba, canjin ruwa ke fitar da ita. Sabuwar matata ba ta da waɗannan ƙwayoyin, sai an raya su.

Cika tankin, sa maganin kulorin, kunna komai. Ɗiga amoniya tsantsa har gwaji ya nuna miligiram 2 a lita. In ba ka samu ba, jefa 'yan gutsattsarin jatan lande a cikin ƙyalle su ruɓe. Ka riƙa gwadawa duk bayan kwana biyu. Amoniya za ta sauka, naitirait ta hau, daga baya ita ma ta sauka. Ranar da ka zuba amoniya, washegari ka ga ita da naitirait duk sifili, matatarka ta nuna. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 8. Soso daga tsohuwar matata mai lafiya yana rage kwanakin sosai. Famfon kuma ya zama mai juya ruwan tankin gaba ɗaya aƙalla sau biyar a awa.

Kada ka yarda da ganin ido a nan. Ruwa yana iya zama garau kamar na sha alhali amoniya ta cika shi.

6. Duba kifin kafin ka biya

Ka ce a ba ta abinci a gabanka. Lafiyayya tana jin ƙamshi za ta taso ta rufe abincin da jikinta. Wadda ta ƙi ci, ka bar ta komai kyanta. Duba gindin wutsiya: in ƙasusuwa biyu sun turo kamar ƙaho, ko tsakanin idanunta ya lotsa, yunwa ta ci ta. Gefen faifan ya kwanta lumui a ƙasa. Wadda gefenta ya ɗaga ya nannaɗe da wuya ta tashi. Ka nemi ta hau gilashi ka ga cikin, kada a samu jan tabo. Ka fi son wadda ta kai santimita 15, wadda aka haifa a tanki. Namiji ana gane shi da wasu 'yan tsinkaye biyu a ƙarƙashin gindin wutsiya, mace ba ta da su.

7. Shigar da ita

Juye ta da ruwan da ta zo da shi cikin roba, ka riƙa ƙara ruwan tankinka kaɗan-kaɗan na kamar minti 30 zuwa 45. In ta yi doguwar tafiya a leda, ka gajarta wannan, domin da zarar an buɗe ledar amoniyar da ta taru tana ƙara dafi. Kada ka kama ta da raga, ƙarin yana sarƙewa a ciki, wajen ɓanɓarewa a ji wa kifin ciwo ko a harbi mutum. Ka nutsa roba ko kwano mai zurfi, ka lallaɓa ta ta shiga. In an sa mata ɗan bututu a kan ƙarin saboda tafiya, a cire shi da dogon hantsaki a hankali. Kashe fitila, ka bar ta ta huta ranar.

8. Ciyarwa

Jarirai sau biyu zuwa uku a rana, manya sau ɗaya. Sabuwar zuwa ba abin da ke buɗe mata baki kamar tsutsar ƙasa, wato tana, mai rai, a wanke a yayyanka daidai bakinta, daga ƙasar da ba a zuba wa maganin ƙwari ba. In ta saba, sai ka shigo da jatan lande da tsokar farin kifi irin karfasa, ɗanye, an cire ƙaya. Daga nan ka koya mata abincin kamfani mai nutsewa na kifaye masu cin nama: cusa ƙwaya ɗaya cikin yankan kifi, kullum kana ƙara yawan ƙwayoyin. Wata takan karɓa cikin mako, wata sai ta ja ka wata biyu.

Kada jatan lande ya zama abincinta kullum, domin yana ɗauke da wani sinadari mai lalata bitamin B1. Naman dabba mai kitse da ƙananan kifaye masu rai da ba ka san lafiyarsu ba, duk ka bar su. Abin da ya rage bayan minti 15 ka zuƙe shi.

Da sannu za ta gane ka. Tawa ta yanzu, da ta ji motsin murfi sai ta hau gilashin gaba, farin cikinta a waje, ta feso ruwa ta baki. Duk da haka da hantsaki nake ba ta.

9. Canjin ruwa

Kowane mako ka fitar da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari, kana bin yashi da tiyo. In kifin ya girma ko sun kai biyu, sau biyu a mako. Sabon ruwan a kashe kulorinsa, zafinsa ya zo daidai da na tankin. Amoniya da naitirait su kasance sifili kullum, naitiret ƙasa da miligiram 20 a lita in zai yiwu. pH tsakanin 6.5 da 7.5 ya yi. Kada ka yi ta zuba magunguna kana neman wata lamba, tsayuwarsa wuri ɗaya ta fi muhimmanci. Soson matata a cikin ruwan da ka fitar daga tanki ake wanke shi, ruwan famfo mai kulorin yana kashe ƙwayoyin da ka sha wahalar rayawa.

Duk ranar da ta ƙi abinci ko numfashinta ya yi sauri, fara da gwajin ruwa da canza rabinsa kafin ka yi tunanin magani. Kuma ka karanta jikin kowace kwalba: maganin kifi mai ɗauke da jan ƙarfe yana kashe kunamar ruwa. In wuta ta ɗauke, kunna famfon batir, ka daina ciyarwa har ta dawo.

10. Abokan zama

Duk kifin da zai shiga ƙarƙashin faifanta, abinci ne, ko da daddare ne za ta rufe shi. Kifin nan mai manne baki a gilashi yana cin gansakuka, wato pleko, kada ka haɗa su. Yana hawa bayanta ya tsotse yauƙin fatarta ya bar gyambo. Manyan kifaye masu sanyin hali da ke yawo a sama, kamar arowana, sukan zauna da ita lafiya, amma kowanne ƙarin nauyi ne a kan matata. A shekarar farko gara ka bar ta ita kaɗai. In ka haɗa mace da namiji, ka sani namijin yana cizon gefenta lokacin barbara, don haka macen ta fi shi girma kuma ka tanadi abin raba tanki. 'Ya'ya take haifa rayayyu bayan kamar wata uku, kuma su ma wuri za su nema.

11. Ƙarin da ke wutsiya

Ƙarin wata doguwar ƙaya ce mai haƙora kamar zarto, lulluɓe da fata mai dafi. Ba ta kai wa mutum hari haka kawai, sai in an danne ta ko an firgita ta, amma bugun yana da saurin da ba za ka iya kaucewa ba. Kafin ka sa hannu a ruwa, ka san inda take kwance, musamman in ta binne kanta. Yara kuwa murfi ya fi ƙarfinsu. Kada ka yanke ƙarin, wani zai fito. Da kanta ma tana zubar da tsohon bayan 'yan watanni, wani lokaci ka ga biyu a jere. Wanda ya faɗi a yashi ka ɗauke shi da hantsaki, har yanzu yana iya huda yatsa.

In tsautsayi ya faɗa, ka tsoma wurin a ruwa mai zafin da fata za ta iya jurewa ba tare da ƙuna ba, wajen digiri 45, na minti 30 zuwa 90, kana ƙara mai zafi in ya huce. Zafin yana rage raɗaɗin sosai. Kada a ɗaure gaɓar, kada a tsaga, kada a tsotsa. Daga nan sai asibiti ko da ka ji sauƙi, domin gutsuren ƙaya yakan karye a ciki, harbin irin na kogi kuma yana ruɓar da nama a kewayen ciwon, sannan a duba maka allurar tetanus. In a ƙirji ko ciki ko wuya ƙarin ya shiga, kada kowa ya zare shi, a garzaya da mutumin haka nan.